TAFIYA ƘASAR DUWATSU: ABIN DA YA KAMATA KA SANI KAFIN KA HAU MAMBILA

Da zarar an kau da amfanin gona, an ɗaure gero da dawa an zuba a rumbu, sai ka ga samari da magidanta na ƙasar Ɗambatta, Makoɗa, Kunchi, Bichi, Tsanyawa da Minjibir sun fara ɗaure kaya. Wani cin rani za shi, wani fatauci, wani kuma ziyarar ɗan'uwa da ya daɗe a can. Mafi yawa birane suke nufa. Amma akwai waɗanda neman abinci ke kai su ƙasashen duwatsu, kamar Jos da Mubi da kuma tsaunin Mambila a Jihar Taraba.

Mu nan ƙasarmu shimfiɗaɗɗiya ce. Gona na haɗe da gona, ƙauye na hangen ƙauye. In ka ɓata hanya, kafin ka yi tafiyar rabin awa ka tarar da gida ko rijiya ko wani mai jaki da za ka tambaya. Wanda ya tashi a irin wannan ƙasa yakan ɗauka ko'ina haka yake. To ba haka ba ne. Ƙasar duwatsu tana da nata hali, kuma baƙon da bai san halinta ba yana iya rasa jarinsa ko lafiyarsa, wani lokaci har ransa.

A zamanin da, fatakenmu da ke zuwa Adamawa da Banyo ayari suke yi. Akwai madugu, akwai jagaba wanda ya san kowane zango da kowane mashigi. Yau kuwa mutum shi kaɗai yake shiga mota da jakarsa. Ke nan shi ne madugun kansa, shi ne jagaban kansa. Don haka muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu bayanin wannan tafiya, mu ɗauki hanyar Mambila ta zama misali. Abin da aka faɗa a kanta zai yi amfani a kowace hanyar dutse.

INA NE MAMBILA?

Mambila wani babban tudu ne a kudu maso gabashin Jihar Taraba, a bakin iyakar Nijeriya da Kamaru. Yana cikin Ƙaramar Hukumar Sardauna, wadda hedkwatarta ke garin Gembu. Wannan yanki da can yana ƙarƙashin Jamus, daga baya ya koma riƙon Ingila. A shekarar 1961 aka yi ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a, mutanen yankin suka zaɓi haɗewa da Nijeriya, aka sa masa suna Lardin Sardauna. Jihar Taraba kuwa an ƙirƙiro ta a 1991 daga tsohuwar Jihar Gongola, babban birninta Jalingo.

Tsayin tudun Mambila daga bakin teku ya kai wajen mita 1,600. Birnin Kano bai kai mita 500 ba, Jos kuma wajen mita 1,200 ne. Ke nan wanda ya bar Kano ya isa saman tudun ya hau sama da fiye da mita dubu. Dutsen da ya fi kowane tsawo a Nijeriya, wato Chappal Waddi mai mita 2,419, yana wannan yanki ne a kan iyakar Kamaru.

Mazauna wurin sun haɗa da Mambilawa da Kaka da Fulani da Panso da Kambu, akwai kuma Hausawa 'yan kasuwa da suka daɗe a garuruwa irin su Gembu da Nguroje da Maisamari. Ƙasa ce ta ciyawa da shanu, domin ƙudan tsando mai kawo sammore ba ya jin daɗin sanyin tudun. Ana noman masara da dankalin Turawa da ayaba da fiya da goro. A Kakara ake noman ganyen shayin nan na Highland. Akwai zuma, akwai kuma katakon itacen turare, wanda can suke kira zaiti.

HANYAR DA AKE BI

Daga ƙauyenku za ka fara shigowa Kano, ka nemi motocin gabas a tashar Unguwa Uku. Hanya ta bi ta Wudil zuwa Gombe, daga nan Kaltungo, sai Numan inda ake haye kogin Binuwai, sannan Jalingo. Daga Jalingo a sake mota a bi ta Garba Chede da Bali da Serti har Mayo Selbe, wanda ke gindin dutse. Daga nan hawa ya fara, kwana bisa kwana, dutse a hannu ɗaya, kwazazzabo a ɗaya hannun, har a fita Maisamari. Sai Nguroje, sai Gembu.

A cikin wannan hawa akwai wurin da ake kira Hawa Biyu da Sisi. Mutanen wurin suna cewa sunan ya samo asali ne daga sule biyu da sisi da ake biya a da don a hau da kaya. Sunan kaɗai ya isa ya gaya maka irin wahalar wurin.

Ka ƙaddara tafiyar kwana biyu ce, ba ta yini ɗaya ba. Ka kwana a Jalingo, ka yi sammako washegari, don hawan dutse ya same ka da rana tsaka. Kafin ka biya kuɗin mota ka tambayi direbobin da suka zo jiya ko yau halin da hanya ke ciki. Hanya tana canzawa. A shekarar 2024 ruwa ya karya gadar Namnai a kan hanyar Jalingo zuwa Wukari, matafiya suka koma hayewa da jirgin ruwa. Wanda ya dogara da labarin bara zai sha mamaki. Matambayi ba ya ɓata.

LOKACIN DA YA FI DACEWA

Kuskuren farko da mutanenmu ke yi shi ne auna damina da ta gida. Mu nan ruwa yakan zauna daga watan Yuni zuwa Satumba. A Mambila kuwa yakan fara tun wajen Maris ko Afrilu, ya kai har Oktoba ko farkon Nuwamba. Ruwan da ke sauka can a shekara ya ninka namu fiye da sau biyu. Ke nan lokacin da kake fama da zafin bazara a Kunchi, can laka ta fara cin tayar mota.

Saboda haka lokacin da ya fi kyau shi ne daga ƙarshen Nuwamba zuwa Fabrairu. Hanyoyin ƙauyuka sun bushe, rafuka sun janye. Wannan kuma ya yi daidai da lokacin da manomi ba shi da aikin gona, in ba mai noman rani ba ne a Watari ko Tomas. Ka tsara komowarka kafin ruwan can ya kankama. In ka yi jinkiri, kayanka za su maƙale a ƙauye, ga kuma sharar gona da kai taki suna jiranka a gida. Ribar fatauci ba za ta biya asarar shukar fari ba.

GUZURI DA KAYAN SANYI

Duk mita dubu da mutum ya hau, zafi yakan ragu da wajen digiri 6. Da rana a Mambila da wuya zafi ya wuce digiri 25, da dare da asuba kuwa sanyi ne mai shiga ƙashi, ga iska, ga raɓa. 'Yar shara da silifa ba za su fisshe ka ba. Ga abin da za ka tanada:

1. Rigar sanyi mai kauri, da hular sanyi mai rufe kunne, da safa.
2. Bargo ko mayafi mai nauyi.
3. Takalmi mai rufe ƙafa wanda ƙasansa ke da kaushi. Jar lakar dutse tana da santsi ƙwarai.
4. Babbar leda ko rigar ruwa, don kai da kayanka.
5. Tocila da batir.
6. Abincin da ba ya lalacewa, kamar ƙuli-ƙuli, dabino, garin kwaki da sukari, soyayyar gyaɗa.
7. Gorar ruwa.
8. Man shafawa, don fatar jiki da leɓe kan tsage.

Kada ka cika kaya. Abin da ba za ka iya ɗauka a kanka ka hau tudu da shi ba, bar shi a gida. Akwai wuraren da mota za ta tsaya, a ce fasinja su sauka su taka.

KUƊI DA TAKARDU

Ka raba kuɗinka gida uku. Kashi ɗaya na cin abinci da ƙananan bukatu, ka sa a aljihun gaba. Kashi na biyu jari ne, in kana da asusun banki ka bar shi can, ka riƙa cira kaɗan kaɗan wurin masu POS a manyan garuruwa. Kashi na uku kuɗin motar komowa ne. Wannan ka ɗinke shi a cikin lalita ko ƙugun wando, kada ka taɓa shi ko da ciniki ya yi daɗi. Mutane da yawa sun maƙale a baƙon wuri don sun zuba kuɗin komowa a cikin haja.

Kada kuma ka dogara ga waya kaɗai. A cikin kwari da bayan duwatsu sabis yakan ɗauke, kuma ba kowane ƙauye ke da mai POS ko wurin caji ba. Duk wanda ya ga wahalar ƙarancin takardun Naira a farkon 2023 ya san amfanin tsabar kuɗi a hannu. Ka riƙe canji ƙanana don acaɓa da abinci.

Ka tafi da katin shaidarka na ɗan ƙasa ko katin zaɓe. Yankin bakin iyaka ne, akwai shingayen 'yan sanda da soja da kwastan da jami'an shige da fice. Wanda ba shi da shaida zai ɓata lokaci. Ka rubuta sunanka da garinku da lambar wayar mutum biyu na gida a takarda, ka sa a leda cikin aljihu. In waya ta mutu ko ta ɓace, takarda tana nan. In wani abu ya same ka, ita za ta yi magana a madadinka.

ZAƁEN MOTA DA DIREBA

Ka shiga mota a cikin tasha, inda ake rubuta sunayen fasinja, kuma 'yan ƙungiya sun san direban. Motar bakin hanya tana da sauƙin kuɗi, amma in ta lalace ko kayanka suka ɓace ba ka da wurin kai ƙara. Araha ba ta ado.

Kafin ka zauna, zagaya motar ka duba. In tayoyin sun suɗe har zanensu ya ɓace, nemi wata. Duba ko akwai safaya. Duba lodin da aka yi mata. Motar da aka tula wa kaya a sama tana saurin kifewa a kwana, kuma nauyi shi ne babban abokin gabar birki. Kada ka yarda ka hau saman kaya a bayan babbar mota ko tirelar shanu. In ta faɗi, na sama su ne farkon tafiya.

Ka nemi direban da ya saba da dutsen. Ƙwarewa a hanyar Kano zuwa Daura ba ta isa ba. Shi ya sa ya fi kyau a sake mota a Jalingo ko Serti, a shiga ta 'yan hanya. In ka ga idon direba ya yi ja, ko yana haɗiyar ƙwayoyi don kada ya yi barci, sauka tun da wuri. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

HAWA DA GANGARA

Mutane sun fi tsoron hawa, amma gangara ta fi kisa. Ga dalili. Birki yana aiki ne ta hanyar goguwa, goguwa kuma tana kawo zafi. In direba ya ɗora ƙafa a kan birki tun daga saman dutse, kafin ya kai rabi birkin ya yi zafi har ya daina kamawa. Sai ka ji an ce birki ya tsinke, alhali da safe lafiyarsa lau. Maganin wannan shi ne a sauko da babbar giya, wato ta ɗaya ko ta biyu, injin da kansa ya riƙe motar, birki ya zama mataimaki kawai. Ƙa'idar tsofaffin direbobi ita ce, giyar da ka hau da ita, da ita za ka sauko.

Wasu direbobi kan sa mota a firi, ko su kashe inji a gangara don tsimin mai. Wannan ganganci ne. Motar da ke firi ba abin da ke riƙe ta sai birki, in kuma aka kashe inji birkin da sitiyarin mota da yawa sukan yi tauri. Irin wannan sakaci yana cikin abin da ke jawo haɗurra a manyan gangarori irin su Hawan Kibo, a hanyar Jos zuwa Akwanga. Kai fasinja kana da haƙƙin magana. Ka yi wa direba magana cikin ladabi, sauran fasinja su goya maka baya. In kun ji ƙaurin birki, ku ce ya tsaya a wuri mai faɗi ya huce.

A wajen hawa kuwa, iskar sama ba ta da kauri kamar ta ƙasa, don haka ƙarfin inji yakan ragu, kuma yakan yi zafi. In lagireto ya tafasa, kada kowa ya buɗe murfinsa nan take, tururin zai ƙona fuska. A jira ya huce. In mota ta mutu a tsakiyar hawa, a ja birkin hannu, fasinja su sauka ta gefen dutse, ba ta gefen rami ba, a sa waigi ko babban dutse a bayan taya. Kada kowa ya tsaya a bayan motar. In an tashi tafiya a kwashe duwatsun daga kan titi, kada su zama tarko ga na baya.

A hanya mai ƙunci, mai saukowa shi ke ba mai hawa hanya, domin motar da ta tsaya a hawa da kaya tana da wuyar tashi. Ba a wuce mota a kwana. Ana yin ham kafin a shiga kwanar da ba a ganin gabanta. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana da lambar kiran gaggawa 122. Rubuta ta a takardar nan ta aljihunka.

Abu na ƙarshe a nan shi ne hazo. Ba irin hazon hunturu na ƙura ba, gajimare ne ke sauka a kan hanya har ba ka ganin abin da ke gabanka da taku goma. Yakan zo da asuba da yamma da bayan ruwa. In ya sauka, a tsaya. Kuma ko da wane dalili, kada ka yarda a hau ko a sauko da kai daga dutsen da dare.

SHIGA ƘAUYUKA

Kwalta ta bi manyan garuruwa ne kawai. Shiga ƙauyuka sai da babur, ko tsofaffin motocin Land Rover da aka san yankin da su, ko a ƙafa. In za ka hau acaɓa, kada ku yi goyon biyu ga kuma buhu. Ku yi ciniki tun kafin tashi, ku kuma yanke ko zai jira ka ya komo da kai. In gangara ta yi tsanani, sauka ka taka. Ba abin kunya ba ne.

Ido yana ruɗin mutum a ƙasar dutse. Za ka hangi ƙauye kamar ka miƙa hannu ka taɓa, amma tsakaninku akwai kwari biyu da rafi. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Don haka kada ka tambayi nisan wuri da mil, tambayi awa nawa ake yi a ƙafa, sannan ka ƙara rabin abin da aka faɗa maka, domin ƙafar ɗan gari ba irin taka ba ce. Kada ka yanke hanya ta cikin ciyawa. Bi turbar da mutane ke bi, in da hali ka bi ayarin masu zuwa kasuwa.

Ka kiyayi rafi. Ruwan dutse yana iya cika cikin ɗan lokaci ko da ba a yi ruwa a inda kake ba, domin an yi shi a can sama. In ka ga ruwa ya yi ja, yana ɗauke da itace da ciyawa, kada ka shiga. Ruwa mai gudu da ya kai gwiwa yana iya kayar da ƙato. Ka zauna ka jira, sau da yawa cikin 'yan awoyi yake janyewa. A mashigan kogin Donga da ake hayewa da kwalekwale, kada ka shiga wanda aka cika da mutane da babura har bakinsa ya kusa taɓa ruwa. Jira sawu na biyu.

In hadari ya taso kana kan tudu, sauka zuwa wuri mai ƙasa. Kada ka fake a gindin itace guda da ke tsaye shi kaɗai a fili, shi tsawa ta fi faɗa wa.

LAFIYAR JIKI

Yawan kwana yakan sa jiri da amai. Kada ka cika ciki kafin hawa. Ka zauna kusa da taga, ka riƙa duban nesa. In kunnenka ya toshe, haɗiye yawu ko ka tauna goro, zai buɗe. Kwana biyun farko za ka ji kana haki in ka hau tudu. Ka yi aiki a hankali har jiki ya saba. Mai hawan jini ko ciwon zuciya ko asma, da mace mai tsohon ciki, su ga ma'aikacin lafiya kafin su tashi, kuma su tafi da maganin da zai ishe su.

Babban haɗarin da baƙi ba su sani ba shi ne gawayi. Sanyi ya dami mutum, sai ya shiga da kaskon wuta ɗaki, ya rufe ƙofa da taga ya kwanta. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Mutum yana barci za ta kashe shi. Ka ji ɗumi a waje ko ƙofa a buɗe, ka fitar da kaskon kafin ka kwanta. Haka kuma hayaƙin janareto.

Ruwan rafi yana da haske da sanyi, amma shanu na sha a sama, mutane na wanki. Tafasa shi kafin ka sha. In gudawa ta kama ka, nemi ƙullin gishiri da sukari na kemis. In babu, zuba ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ka riƙa kurɓa, sannan ka nemi asibiti. Masu dafa wa kansu abinci su sani wake yakan daɗe bai nuna ba a kan tudu, domin ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a gida ba. A jiƙa shi tun dare.

A ƙasan dutse, wajen Bali da Serti, akwai zafi da sauro, ga kuma ƙananan baƙaƙen ƙudaje na bakin rafi waɗanda cizonsu ke kawo makanta a kwana a tashi. Ka tafi da gidan sauro, ka sa riga mai dogon hannu. Yankin Kaltungo kuma an san shi da kububuwa, har akwai asibitin masu saran maciji a garin. In mota ta tsaya da dare, kada ka shiga ciyawa ba tocila. In maciji ya sari mutum, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A hana shi tafiya da ƙafa, a ɗauke shi zuwa asibiti nan da nan.

ZAMA DA MUTANEN GARI

In ka sauka, nemi Sarkin Hausawa ko wani sanannen mai masauki daga mutanenmu. A ƙauye kuwa ka fara gaida mai gari ko jauro, ka faɗi sunanka da abin da ya kawo ka. Baƙon da aka san da zuwansa yana da mai tsaya masa. Fulatanci shi ne harshen kasuwa a yankin, ko da yake ana jin Hausa a garuruwa. Ko gaisuwa kaɗai ka koya, kamar "jam na" da "useko", za ka ga fuska ta sake.

Maganar ƙasa da kiwo magana ce mai zafi a Mambila. A shekarar 2017 an yi rikici a kanta, an yi asarar rayuka da dukiya. Kai baƙo ne, ba ka san tushen zance ba. Kada ka sa baki, kada ka goyi bayan kowa a majalisa. Kada ka tsallake shingen waya na makiyaya, kada ka tsinki ayaba ko fiya a gonar mutum don ka ga sun yi yawa.

In dabba za ka saya, ka saya a cikin kasuwa, gaban dillali da shaidu, ka karɓi rasit, ka karanta shi ko ka sa a karanta maka. Saniyar da aka tallata maka a bayan gari da rabin kuɗi, wataƙila ta sata ce, kuma a hannunka za a kama ta. Kada ka karɓi saƙon ƙulli daga wanda ba ka sani ba. In aka buɗe a shinge aka ga abin da doka ta hana, kai ne mai shi.

Gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya fi kowane girma a Nijeriya, yana gefen wannan hanya, ofishinsa na Serti. Doka ta hana farauta da saran itace a cikinsa. Kada wani ya ruɗe ka da cinikin naman daji ko fatu.

Iyakar Kamaru tana kusa, wani wuri ba ka ma sanin ka tsallaka. Ka tuna Kamaru ba ta cikin ƙungiyar ECOWAS, ba kamar shiga makwabtan da muka saba ba ne, sai da cikakkun takardu. Sefar da ake kashewa can ma dabam take da ta Maraɗi da Damagaram. Ban da haka, tun wajen 2017 ake fama da tashin hankali a yankin Arewa maso Yamma na Kamaru, wanda ke maƙwabtaka da wannan wuri. In ba dole ba, tsaya a ɓangaren Nijeriya.

KAFIN KA FITA DAGA GIDA

Ka bar wa iyali abincin da zai ishe su. Ka gaya wa mahaifinka ko wanka ko maƙwabcinka garin da za ka, da sunan wanda za ka sauka wurinsa, da ranar da kake sa ran komowa. Duk babban garin da ka isa, ka buga waya gida tun sabis bai ɗauke ba. In da hali ku tafi ku biyu ko uku, musamman in zuwan farko ne, kuma a samu wanda ya taɓa zuwa a cikinku. A zuwan farko kada ka kai dukan jarinka. Je ka ga hanya, ka san farashi, ka san mutane, ka lissafa kuɗin mota da na lodi da na haraji a hanya, sannan ka san ko akwai riba bayan an kawo kaya Dawanau ko kasuwar Lahadi ta Ɗambatta.

Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma mutanenmu da yawa sun samu rufin asiri a ƙasar duwatsu. Abin da ake bukata shi ne shiri da tambaya da haƙuri. Ka tashi da rani, ka hau da rana, ka zaɓi direba, ka jira ruwa ya janye, ka ɓoye kuɗin komowa. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa na kusa da shi da ke shirin tafiya. Allah ya kiyaye hanya, ya komo da kowa gida lafiya kafin faɗuwar ruwa.